Ranar da Muka Dafa Gidan Rezar Baba Ilu

Kun sha tambayata wace rana ce ta fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina aikin duba-gari. Na san kuna jira in ce ranar da muka rufe mahauta, ko lokacin da amai da gudawa suka hana mu zama. Ba su ba ne. Ranar da har yau ban iya mantawa da ita ba ita ce wadda aka tura ni wani ƙauye a bakin fadama in ƙwato zabirar wani tsohon wanzami. Ku sababbin zuwa, ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don watarana ku ma za a tura ku irin wannan aike.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, lokacin ina matsayin babban duba-gari mai kula da shiyya. Ƙauyukan da ke gefen kogi ta hanyar Auyo suna hannuna: rijiyoyinsu, ban-ɗakunansu, mahautansu da masu askinsu. A samana akwai shugabar sashe, wadda kowa ke kira Hajiya. Mace ce mai aiki, amma in ta ce yau, to ba ta san wata kalma wai ita gobe ba.

Shekarun baya kaɗan mun tara wanzaman shiyyar a Haɗeja, muka yi musu bayanin cututtukan da ke bin jini, muka roƙe su su daina bin kawunan jama'a da aska ɗaya. Muka ba kowannensu gidan reza na ƙarfe. Abu ne mai gaɓa uku: mariƙi da ake murɗawa, faranti mai haƙora, sai murfi. Reza tana kwanciya tsakanin farantin da murfin, bakinta kaɗan ne ke leƙowa, shi ya sa ba ya saurin yanka mutum. Doka biyu muka ba su. Kowane kai da sabuwar rezarsa, tsohuwa a jefa a gwangwani. Sannan bayan kowane aski a warware gidan, a wanke, a dafa, a shanya. Duk suka ce sun ji, aka sha lemo aka watse.

To, ƙarshen wata damina, ruwa bai gama janyewa ba, na shigo ofis ko zama ban yi ba Hajiya ta aiko kirana. Ta miƙo mini wayarta. Hotuna ne ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyen ya turo, na kawunan yara. Ƙuraje ne jere a ƙeya da bayan kunne, wasu sun zama maruru, wasu suna ruwa. Ni da na saba ganin ƙazanta sai da na kau da kai.

"Duk mutum ɗaya ne ya aske su," in ji ta. "Wani Ilu Wanzan. Ka san shi?"

Na ce na san shi, yana cikin waɗanda suka fara karɓar gidan rezar ba gardama.

"To ya koma wa askarsa ke nan. Ka je yau, ka karɓo zabirar, ka kawo mini ita nan kan teburin nan."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ƙa'ida sai an fara da gargaɗi."

Ta ce, "Ƙa'ida ta ce in an cutar da yara, shugaba na da ikon tsallake gargaɗi. Na tsallake."

Gaskiyarta ne, haka dokar take. Amma ku da kuka tashi a birni ba lallai ku san mene ne zabira ba. Jakar fata ce da wanzami ke zuba kayan aikinsa, kuma yawanci gadonta ake yi. In hukuma ta zo ta ɗauke ta a gaban mutane, ba kaya aka ɗauka ba, an gama da mutumin ne. Ko an dawo masa da ita bayan wata guda, babu mai sake sunkuyar masa da kai. Baba Ilu kuma ya haura saba'in, ba gona gare shi ta kirki ba, ba jirgin kamun kifi ba.

Na hau babur raina a jagule. Inda hanya ta ƙare na bar shi a gidan wani manomi, na shiga kwalekwale. Ciyawar kacala ta toshe mashigar, mai jirgin yana ta kewaye da gora yana ba ni labarin tsuntsayen jan-baki da suka cinye masa shinkafa, ni kuwa ko rabin maganarsa ban ji ba. Sai in tuna kawunan yaran in ji haushin tsohon ya kama ni, sai kuma in tuna fuskarsa in ji tausayinsa. Na tsaya, na zauna, na sake tsayawa, har mai jirgin ya ce, "Malam, in kifar da mu za ka yi, bari mu kai inda ƙafa ke taɓa ƙasa."

Dokar farko ta shiga ƙauye, ku riƙe ta: ba a wuce ƙofar Bulama. Bulama shi ne mai garin, haka muke kiransu a nan ƙasarmu. Na same shi a zaure, ana ta shigo da itace da buhunan shinkafa. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Duba-gari, ka zo a mummunan lokaci," in ji shi. "Gobe sunan jikana. Uban Ilu ne ya aske ni ranar sunana, Ilu ne ya aske 'ya'yana kaf. Yanzu surukata Hadiza, mai jegon, ta ce in dai tana numfashi ba zai taɓa mata jariri ba. Ɗanta ɗan shekara uku yana cikin masu ƙurajen, kwana yake kuka. Yayanta ma ya ce zai zo da mai aski daga Haɗeja. Ni kuma da wane baki zan ce mata ba ta da gaskiya?"

Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa abin da aka aiko ni, sai na ga tsohon tukuna.

Na tarar da Baba Ilu gindin tsamiya bayan masallaci. Dogo ne siriri, rigarsa tsohuwa amma tas, zabirar tana kan cinyarsa. Tabarmar gabansa babu kowa, alhali da in ka zo wurin sai ka bi layi. Yana ganin kakina ya gane.

"An kai ƙarata ke nan," ya ce. "Zauna, ɗan nan. Kafin ka ce komai, duba wannan."

Ya janyo gwangwanin madara babba ya girgiza. Cike yake da tsofaffin reza. Ya buɗe zabira ya nuna mini askar ubansa a naɗe, ya ce rabon da ta taɓa kan mutum tun ranar taron Haɗeja. Ya nuna mini kwalin sababbin reza da yake sayowa da kansa ran kasuwa. Na zo da shirin kama mai laifi, na tarar da mutumin da ya fi wasu asibitoci bin doka.

Ana haka wani masunci, abokinsa tun yarinta, ya zo ya zauna, ina jin don kara kawai. Na ce a yi askin ina kallo. Baba Ilu ya ɓare sabuwar reza a gabanmu, ya ɗaura, ya jiƙa kan da sabulu, ya bi shi tsaf. Hannu ne mai sanyi, ko ƙwarzane babu. Da ya gama ya tattara gashin a tafinsa har sili na ƙarshe, ya ƙulle a tsumma. Ya warware mariƙin, ya jefa rezar a gwangwani. Daga nan ne na ga abin da na zo nema. Ya goge gidan rezar a wani ƙyalle, ya ciro 'yar kwalba ta man gyaɗa, ya tsoma gashin kaza, ya shafe faranti da murfi ciki da waje, ya naɗe a fata.

Na ce, "Baba, ba ni in gani."

Na sa safar hannu na buɗe. Tsakanin haƙoran farantin da cikin murfin wani baƙin abu ne ya daskare, kamar ƙanzon tukunya, mai danƙo. Na kai hanci, wani ɗoyi-ɗoyi ya buge ni.

"Wannan fa?"

"Maiƙonsa ne," ya ce, har da 'yar fara'a. "Shi ke tsare shi. Ka ga tsatsa a jiki? Je ka duba na sauran wanzamai, duk sun yi ja."

"Yaushe rabon da ka wanke shi da ruwa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi yaushe rabon da ya jefa kuɗinsa a kogi. "Ruwa? A ƙasar nan da ko ƙusa ka ajiye a ɗaki sai ta yi tsatsa? Ubana da sanda ya koya mini, ƙarfen aiki ba ya kwana da danshi. A goge, a shafa mai, a naɗe. Na ji ranar taro kuna cewa a dafa. Na ce yara ne, sun san cuta amma ba su san ƙarfe ba. Na ɗauki ta reza na bar muku ta dahuwa."

Kun san ni da saurin hawa. Na fara ɗaga murya, ina ƙwayoyin cuta kaza, ina jini kaza. Shi kuwa sai girgiza kai yake, yana cewa reza ce ke taɓa fata, reza kuma sabuwa ce, to ina laifin gidanta? Mutane suka fara matsowa. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, ashe gindin tsamiyar nan ne kaɗai ake samun layi a garin. Hajiya ce.

"Ka karɓa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina kan bincike."

"Ban aike ka bincike ba."

Allah ya taimake ni layin ya yanke. Ban kuma matsa inda zai dawo ba.

Na sassauta murya na ce, "Baba, mu shiga zaurenka, ni da kai kawai. Ka bar ni in wanke shi sau ɗaya. In ya yi tsatsa, ga nawa a jaka, sabo, ka riƙe." Ya dubi mutanen da suka taru, ya ga zauren ya fi masa rufin asiri. Ya tashi na bi shi.

Na sa aka kawo farin kwano da ruwan ɗumi. Farin nake so musamman, don a ga abin da zai fito. Na zuba garin sabulu, na raba gaɓoɓin uku na jefa, muka zauna muna kallo. Ni dai na san in tsohon nan bai yarda ba, ba ni da sauran dabara sai ɗaukar zabira. Da maiƙon ya fara saki na ɗauko tsohon buroshin haƙori na shiga bin haƙoran farantin ɗaya bayan ɗaya, na bi cikin murfin, na bi zaren mariƙin. Ruwan ya yi baƙi, sannan ya koma ja-ja kamar an wanke nama. Sai gashi ya fara tasowa, guntu-guntu, ya rufe saman kwanon.

Baba Ilu ya matso da kwanon bakin ƙofa inda haske yake. Ya sa tsinke ya ɗago kaɗan, ya kai kusa da idonsa.

"Wannan furfura ce," ya ce a hankali. "Ta Liman ce ko ta Bulama." Ya sake ɗagowa. "Wannan mai laushin kuwa gashin jariri ne."

Ni ƙwayar cuta nake ta yi masa wa'azi a kai, abin da bai taɓa gani ba. Ga shi yanzu yana kallon abin da ya fi kowa sani. A wurin wanzamin gado, gashin mutum da jininsa amana ne. Ba a barinsu a ƙasa iska ta ɗauka, ba a bari su faɗa hannun wani. Shi ya sa yake tattarawa ya binne, haka ma jinin ƙaho. Shekara da shekaru mutanen garin nan suna ba shi kawunansu don sun san ba zai bar ko sili ba.

"Wato ni da hannuna," in ji shi, "nake ɗaukar jinin wannan in kai kan wancan. Na mai rai da na wanda ya mutu." Ya ɗago ya dube ni. "Yaran nan, ni ne?"

Wallahi na so in ce watakila ruwan fadama ne, watakila zafi ne. Amma aikinmu ba ya son haka. Na ce, "Kai ne, Baba. Ba da saninka ba, amma kai ne."

Ya ɗauki zabirar da hannu biyu ya ajiye a gabana. "Abin da aka aiko ka ke nan, ko? Ɗauka. Sai dai ka bari duhu ya yi kafin ka fita da ita."

Ban san lokacin da idona ya cika ba. Na tura masa ita na ce ba mu gama wanki ba, ya tashi ya sa a hura wuta.

Ku rubuta wannan a ƙwaƙwalwarku, don shi za ku koyar. Bayan sabulu da buroshi, muka ɗauraye da ruwa mai tsabta. Inda farin dattin sabulu ya kafe muka matsa lemun tsami, muka bar shi ɗan lokaci, muka sake gogewa. Sannan muka zuba gaɓoɓin a tukunya, ruwa ya shanye kansu, ya tafasa sosai har aka yi sallar la'asar aka dawo. Muka tsame da cokali, ba da hannu ba, muka zube a farin ƙyalle wankakke. Nan ne amsar tsoronsa take: ƙarfen da ya fito daga tafasasshen ruwa da zafinsa yake bushewa, in ka tsane shi ka ba shi rana ko iska, danshi ba ya kwana a jikinsa. Mai kuwa ba na gyaɗa ba, don shi daskarewa yake ya kama datti. Muka aika wurin tela aka samo man keke, ɗigo ɗaya tak a zaren mariƙi inda ba ya taɓa fata. Na nuna masa kada ya murɗa da ƙarfi har zaren ya ci, kuma in zai ajiye ya bar shi a sassauce, ba reza a ciki, a ƙyalle ba a fata ba. Ƙarfen ya fito fari fes. Ya yi ta juya shi a hannu, ya ce ya manta haka launinsa yake.

Na kwana a ɗakin ma'aikacin lafiya, in dai abin da na yi sunansa kwana. Da safe bayan an raɗa suna an yanka rago, Baba Ilu ya zo ƙofar Bulama da tukunyarsa da murhunsa. Ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da muka gani a kwano, da bakinsa, bai rage komai ba. Ya roƙi gafarar iyayen yaran. Sannan ya wanke gidan rezar ya dafa kowa na kallo. Bulama ya aika ungozoma ciki ta gaya wa mai jego. Ba ta daɗe ba ta fito.

"Ta ce a'a."

Wani daga baya ya ce, "To ai sai a gwada a kan wani mu gani." Kowa ya shiga kallon ƙasa, masu hula suka ƙara danna ta. Baba Ilu yana tsaye da ƙarfe a hannu, tabarma a gabansa ba kowa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na dai ga na cire hular kaki na zauna a tabarmar. Aka ɗauki salati da dariya. Ni na wanke abin nan, ni na dafa shi, na san tsabtarsa fiye da cokalin gidana, amma da sanyin ƙarfen ya sauka a ƙeyata sai hotunan wayar Hajiya suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na runtse ido. Tsohon ya sunkuyo ya ce, "Ka daina motsi, ɗan nan, kana sa hannuna rawa." Ya aske ni tas, har kaina na ɗaukar rana.

Ungozoma ta sake shiga. Wannan karon ta jima. Da ta fito ta ce, "Ta ce ta gode wa duba-gari. Amma ta ce kan duba-gari yau aka aske shi, ƙuraje kuma ba ranar aski suke fitowa ba. Ta ce ɗanta ba zai zama abin gwaji ba."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, na ba da kaina a banza. Amma ko a lokacin na san ta fi mu gaskiya. In da a ofis aka kawo mini maganar, abin da zan rubuta ke nan.

Mai askin Haɗeja ne ya aske jaririn a zaure, da abin aski irin na robar nan da ake yarwa. Yaro ne mai hankali, ya yi aikinsa lafiya. Baba Ilu yana zaune a gefe, karo na farko tun zamanin ubansa da aka yi suna a gidan ba hannunsu a ciki. Da aka gama ya matsa ya tsince gashin jaririn daga tabarma, ya ƙulle ya miƙa wa ungozoma. Bulama ya aiko masa da kason naman da ake ba wanzami, shi kuwa ya ce a kai wa wanda ya yi aikin. Ya ɗauki tukunyarsa ya tafi gida.

Washegari na shiga ofis. Hajiya ta dubi hannuna, ta dubi kaina.

"Ina zabirar?"

Na ce tana hannun mai ita.

"Ina gashinka?"

Na ce shi ma yana can, an binne.

Ba ta yi dariya ba. Ta saurari bayanina har ƙarshe, ta yi ta buga biro a tebur. Sannan ta yanke: zabira ta zauna, amma ba zai taɓa kan yaro ba sai na tabbatar da idona cewa yana bin ƙa'ida. In kuwa ƙurji ɗaya ya fito a kaina ko a kan wani da ya aske, zabira ta zo, ni kuma in amsa takardar tuhuma don ƙin bin umarni. Ta ƙara da cewa in zagaya sauran wanzaman shiyya in buɗe nasu. Na zagaya, kuma ba Baba Ilu kaɗai ke da kwalbar man gyaɗa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san natsuwa ba. Ko ƙuda ya sauka a kaina sai in zabura. Ƙaiƙayi nake ji inda babu komai. Ina salla hannuna na son zuwa ƙeya. Kullum da safe in sa uwargida ta duba mini da tocilan, har ta gaji ta ce, "Malam, kan nan dai shi ne na jiya, kuma ko jiyan ba wani abin kallo ba ne." Ran kasuwa kuwa mutanen ƙauyen da suka kawo kifi suka tare ni a tsakiyar 'yan tumatir, suka gaishe ni da ladabi, sannan babbansu ya ce an aiko su ne, don Allah in ɗan cire hula. Na cire, suka zagaya ni suna leƙe, 'yan kasuwa na ta dariya. Haka aka yi mini kasuwa bayan kasuwa.

Kan dai bai yi komai ba. Yaran ma magani ya kama su, suka warke, ko da yake wasu da tabo. Maza suka fara komawa gindin tsamiya, Liman ne na farko, sai Bulama. Na sa hannu aka ɗage masa dokar yara. Amma ɗage doka a takarda daban, uwa ta miƙo ɗanta daban. Babu matar da ta aika masa. In na je sai in same shi ya dafa, ya shanya, ya jera gaɓoɓin a farin ƙyalle yana jira, ya kuma rame.

Wata ranar zagaye na isa garin aka ce ana nemana a gidan Bulama, ni da Baba Ilu. Hadiza ta yi arba'in, gashin jaririn ya tofo, ana so a sake aske shi kafin ta tafi ganin gida. Muka yi sallama muka shiga tsakar gida. Ranar na fara ganinta, 'yar ƙaramar mace mai kaifin ido, jariri a kafaɗa, babban yaron yana riƙe da zanenta da tabonsa a bayan kunne. Ta durƙusa ta gaida tsohon. Ya fara kwance tukunyarsa.

Ta ce, "A'a, Baba. Kawo, ni zan dafa."

Na dubi Baba Ilu. A al'adarsu mace ba ta taɓa kayan zabira, ko matarsa ba ta taɓa buɗe ta ba. Sai ya warware gidan rezar gaɓa uku, ya zuba mata a hannu.

Ta ba ungozoma jaririn. Ta wanke da sabulunta, ta bi haƙoran da buroshi, ta ɗaga sama ta duba a rana, ta sake bi. Ta ɗora tukunyarta a murhunta ta zauna a gabanta har ya tafasa yadda ranta ya so. Ta tsame, ta tsane a sabon ƙyalle, ta ɓare rezar da ta saya da kanta. Sannan ta kawo masa, ta karɓi ɗanta ta zauna a tabarma, ta gyara masa kai a cinyarta.

"Bismillah, Baba," ta ce.

Ya yi askin hawaye na bin gemunsa, yana sharewa da kafaɗa don kada ya ɗiga a kan yaron. Ni dai na juya ina kallon rumbu.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan da wuya ka haɗu da mugu. Yawanci mutum za ka samu yana yin daidai abin da ubansa ya koya masa, da zuciya ɗaya, a kan kayan da ubansa bai taɓa gani ba. In ka tsaya kana yi masa ihu da abin da kai ka sani, sai dai ku kwana a nan. Ka nemo abin da shi yake tsoron ɓatawa, ka sa masa a farin kwano ya gani. Kuma kada ku ji haushin uwar da ta ce muku a'a, ko da kun ba da kanku, don ita ce za ta kwana da yaron. Baba Ilu ya riƙe zabirarsa har ya koma ga Allah. Amma daga ranar nan babu gidan da ya shiga askin yaro a garin aka bar shi ya dafa da kansa. Matan gida ke karɓa su dafa, shi kuma ya zauna a tabarma ya jira, bai taɓa tambayar dalili ba.